Yadda zaka kai kanka da iyayenka gwajin ido tun kafin gani ya tafi

Duk wanda ya haura shekara 40 kuma bai taɓa zama gaban ma'aikacin ido an auna masa preshar ido an leƙa jijiyar idonsa ba, dan Allah ya saka wannan cikin abubuwan da zaiyi a watan nan, ko da kuwa yana iya tsintar allura a ƙasa. Dalili shine makantar da ta fi damunmu iri biyu ce, akwai wadda ake aiki gani ya dawo, wato yanar ido, akwai kuma wadda in ta ci ta ci kenan babu likitan da zai dawo da abinda ta ɗauka a duk faɗin duniya, wato hawan jinin ido da likitoci ke kira gilakoma, kuma abin takaicin ita wannan ta biyun galibi bata ciwo bata ja bata kwantsa, sai ta kusa gama ɓarna sannan mutum zai farga. Mu kuma mun saba bama zuwa asibiti sai abu ya hana mu barci.

Binciken makanta na ƙasa da akayi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma arewa maso gabas tafi kowane yanki yawa. Yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 na makantar, gilakoma kusan kashi 17, sannan fiye da kashi 80 na makantar gaba ɗaya irin wadda da anzo da wuri za'a iya karewa ko a magance ce. Wannan lissafin shi yafi tsaya min a rai, domin yana nufin yawancin tsofaffin da muke gani jikoki na jansu da sanda ba dole bane su kasance haka.

Inda zakaje da wanda zaka gani

Ka fara sanin cewa ma'aikatan ido kala-kala ne. Akwai likitan ido da ya gama karatun likita sannan ya ƙware a ido, shine ke tiyata da aikin leza, wato aiki da hasken na'ura. Akwai likitan awon gani wanda ke auna ido ya rubuta gilashi, kuma yana iya gano cuta ya tura ka gaba. Akwai nas ɗin ido, wadda a manyan asibitocin ƙananan hukumomi sau da yawa ita zaka fara tararwa kuma wallahi suna ƙoƙari, sai kuma mai yanka gilashi ya zuba a firam. Mai tallan tabarau a tasha da mai kemis ɗin unguwa basa cikin wannan jerin, komai kirkinsu basu da na'urar ganin cikin ido.

Wuraren zuwa kam akwai. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna ta wajen Mando, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da yake aiki tun shekarun 1940, akwai asibitin ido na Makka, akwai sashen ido a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, sannan asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk sunada sashen ido. A Nijar akwai babban asibitin Yamai da na Damagaram. In kana ƙauye fara da babban asibitin da yafi kusa, ka tambaya wace rana ce ranar ido, domin wasu ba kullum suke gani ba.

Ranar gwaji

Kayi sammako saboda layin kati, kuma ka ɗauka cewa yinin ya tafi. Ka tafi da tsohon gilashinka in kanada shi ko da ya karye, da duk kwalbar maganin da ka taɓa ɗigawa har wadda ta ƙare, da magungunan suga ko hawan jini in kana sha, da baƙin tabarau, sannan kaje da ɗan rakiya kada ka tuƙa mota ko babur da kanka, zan faɗi dalili a gaba. Mata a haƙura da kwalli ranar. Tun a gida ka tambayi manya ko akwai wanda ya makance a dangi da irin makantar da yayi, musamman wanda idonsa yake garau a buɗe amma baya gani, domin likita zai tambaya kuma amsar tanada nauyi sosai.

Abu na farko za'a zaunar da kai nisan mita 6 daga wani allo mai haruffa, manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Wanda baiyi boko ba babu damuwa, akwai allo mai harafin E kawai wanda ƙafafunsa ke kallon sama ko ƙasa ko dama ko hagu, da yatsu uku zai nuna inda suka kalla. In Baba ko Inna ka kawo to ka ja su gefe ka gaya musu tun kafin a shiga cewa ba jarrabawa bace, domin tsofaffi da yawa saboda kunya sai kaga suna leƙe ta tsakanin yatsu da ido mai lafiyar, ko su ɗaga haɓa suna cinka, ma'aikaci ya rubuta abinda ba shi ba. A rufe idon da tafin hannu ba tare da dannawa ba, in basu gani ba suce basu gani ba. Sakamakon zakaga an rubuta 6/6, wannan gani cikakke ne, 6/18 ya ragu, 6/60 ya ragu sosai, wanda ya kasa 3/60 a idonsa mafi kyau shi ake lissafawa makaho. Wani lokaci za'a baka wani abu mai ƙaramar huda ace ka leƙa, in gani ya gyaru ta hudar to alama ce gilashi zai taimaka.

Daga nan sai na'urar da ake ɗora haɓa a jingina goshi, likita ya haska siririn haske ya duba gaban ido, fatar ido, baƙin ido da kuma inda yana ke fitowa. Sai awon presha, wani wajen iska ce ake ɗan busa wa idon fuf, wani wajen a ɗiga maganin kashe zafi a taɓa idon da wani ɗan abu mai shuɗin haske, babu ciwo ko kaɗan, kai dai ka buɗe ido kayi numfashi kada ka ƙanƙame jiki. Yawancin masu lafiya preshar idonsu tana tsakanin 10 zuwa 21. Amma fa a kula, akwai masu gilakoma da lambarsu bata wuce 21 ba, shi yasa awon presha kaɗai bai isa ba sai an leƙa jijiyar da kanta.

To anan ne ake ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido. Yana ɗan yaji na daƙiƙu, a ce ka koma benci ka jira minti 20 zuwa 30, bayan nan likita zai iya ganin bayan ido da jijiya da ƙananan hanyoyin jini. Bayan ka fito rana zata dinga kashe maka ido kuma bazaka iya karanta waya ba na awa 4 zuwa 6, wannan shine amfanin baƙin tabarau da ɗan rakiya, kuma ka sanar da tsohonka tun farko kada ya koma gida yace asibiti sun ɓata masa ido, daga nan bazai ƙara yarda ya koma ba. In likita yayi zargin gilakoma zai tura ka gwajin faɗin gani, ka sa kai cikin wata na'ura kana kallon tsakiya, duk sanda ɗigon haske ya ƙyalla a gefe ka danna maɓalli. Yana gajiyarwa amma shine ke nuna iya ɓarnar da akayi.

Kafin ka tashi daga kujerar kayi tambaya uku kuma ka rubuta amsar: presha nawa ce a kowane ido, yaya jijiyar take, yaushe zan dawo. Haƙƙinka ne, kada cunkoso yasa kaji nauyi. In komai lafiya to duk shekara ɗaya zuwa biyu ka koma, in akwai gilakoma a gidanku ko kanada suga to duk shekara, kuma mai tarihin gida kada ya jira 40, ya fara tun yana shekara talatin da wani abu.

In akace gilakoma ce

Akwai wani ruwa da ido ke samarwa a cikinsa, ba hawaye ba, yana zagayawa ya fita ta wata 'yar magudana. In magudanar bata janye shi yadda ya kamata sai presha ta hau ta dinga danne jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, zaren jijiyar suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kuma wanda ya mutu baya tsirowa. Aikinta irin na gara ne a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau har ranar da rufi zai rufta. Ganin gefe take fara ci, tsakiya yana nan tar, shi yasa mutum zai iya karanta Alƙur'ani amma yana yawan tuntuɓe, yana karo da gefen ƙofa, ko babur ya ɓullo masa ta gefe bai gani ba, kuma ido ɗaya yana rufa wa ɗayan asiri. Mutum zai iya samunta ko da jinin jikinsa bai taɓa hawa ba. Mu baƙar fata tana kama mu da wuri kuma tafi tsanani a kanmu. Wancan binciken na Najeriya ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama da ita, kuma cikinsu waɗanda suka san sunada ita kusan ɗaya ne kawai cikin ashirin.

Magani uku ne, na ɗigawa, leza, ko tiyata, kuma dukkansu aikinsu ɗaya, sauke presha don a tsare ganin da ya rage. Anan mutane suka fi faɗuwa. Mutum zai ɗiga kwalba ɗaya ta ƙare yace ni banga wani sauƙi ba ya daina, alhali maganin dama ba na ƙara gani bane, na hana shi tafiya ne, kuma na har abada ne sai dai likita ya canza. In an rubuta maka maganin ɗigawa mai suna timolol kuma kanada asma ko bugun zuciyarka yana da rauni to ka faɗa tun a ɗakin likita, domin yana iya toshe numfashi. Wani kuma mai suna latanoprost sau ɗaya ake sawa da dare, yana iya sa gashin ido yayi tsawo ido ya ɗan yi ja, ba abin tsoro bane, kwalbar da ba'a buɗe ba a ajiye ta wuri mai sanyi. In kuɗin magani ya gagare ka duk wata, kuma na san yana gagarar mutane da yawa, kada kayi shiru ka ɓace, ka gaya wa likita gaskiya a duba ko tiyata ko leza ce tafi maka. Maganar da ake yawan ji cewa anyi wa wane aiki ya makance, sau da yawa wane yazo ne bayan jijiyar saura ƙiris, aikin bai isa ya dawo da abinda ya riga ya mutu ba.

Da azumi kuma kada ka ajiye magani wata guda, wanda ake sawa sau biyu ana iya daidaita shi da sahur da buɗa baki, ka tambayi likitanka lokacin, hukuncin ɗiga magani da rana kuma ka tambayi malaminka. Sannan duk wanda aka samu da gilakoma nauyi ne a kansa ya gaya wa 'yan uwansa na jini da 'ya'yansa suje a duba su, wannan ba tonon asiri bane.

Yadda ake ɗiga maganin ma mutane da yawa basu iya ba. Ka wanke hannu, ka ɗaga kai ko ka kwanta, ka ja fatar ido ta ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, ka ɗiga ɗigo ɗaya tak a ciki ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ba. Ɗaya ya isa, na biyun a kumatu zai ƙare. Sai ka rufe ido a hankali banda ƙifte-ƙifte, ka danna lungun ido na wajen hanci da yatsa minti ɗaya zuwa biyu don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne a bar minti 5 tsakaninsu, in akwai na shafawa shine na ƙarshe. Ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalbar, yawancinsu bayan sati 4 zubarwa ake. Tsoho mai rawar hannu a samu mutum ɗaya a gida wanda wannan aikinsa ne.

In akace yana ce

To alhamdulillahi, wannan tanada mafita. A bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan gilashi na halitta mai haske, shekaru ko suga ko bugu ko yawan amfani da wasu magunguna sai su sa ya dushe, mutum ya dinga gani hazo-hazo, fitilar mota ta dinga watse masa da dare, rana ta dame shi, daga ƙarshe tsakiyar idon yayi fari. Babu maganin ɗigawa ko na sha ko zuma ko tozalin da ke narkar da ita, duk wanda ya sayar maka da irin wannan kuɗinka kawai ya ci. Kuma tsohuwar maganar nan ta a bari sai ta nuna ta wuce, da zarar ta fara hana mutum harkarsa ana iya aiki.

Aikin kansa baya wuce minti 15 zuwa 30, ba'a sa mutum barci, idon kawai ake kashewa, a cire dusasshen gilashin a saka na roba wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa, washegari a cire bandeji, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen lokacin da ake cire wa tsohuwa bandeji ta juyo tana kiran sunan jikokinta ɗaya bayan ɗaya ya san me nake nufi. Ido ɗaya ake fara yi. Mai suga da mai hawan jini sai an daidaita su tukuna. Bayan aiki a kiyaye ruwa da ƙura da hayaƙin murhu, banda murza ido, banda ɗaukar kaya mai nauyi, a tambayi likita yaushe za'a koma yin sujada kamar da, a sa magani yadda aka rubuta kuma a koma ranar da akace. In ido ya fara ciwo mai tsanani ko gani ya ragu bayan ya gyaru a koma ranar, ba gobe ba. Wasu bayan shekara ɗaya ko biyu sai hazo ya dawo, ba yanar bace ta dawo, fatar da ke riƙe da gilashin ce ta dushe, da leza ake share ta cikin 'yan mintoci.

Abinda nake roƙo da babbar murya shine a guji masu aikin ido na gargajiya da ke yawo ƙauye-ƙauye. Abinda sukeyi shine su soka tsinke ko allura su tura yanar ta faɗa cikin ido, mutum yaga haske nan take a yi ta murna a biya su su wuce, bayan kwanaki ko watanni sai kumburi da presha da ƙwayoyin cuta su cinye idon, sannan a kawo shi asibiti lokacin da babu abin yi. Har yanzu ana wannan a arewa. In kuɗi ne matsala a saurari sanarwar aikin ido kyauta da gwamnatoci da ƙungiyoyi ke yi, amma a tabbatar likitoci ne na gaske kuma a tambaya ina za'a koma in matsala ta taso bayan sun tafi.

Jan ido da maganin kemis

Apolo ƙwayar bairos ce mafi yawan lokaci, tana yaɗuwa ta hannu da tawul da filo da abin kwalli, ba ta kallon mai ita ba, kuma cikin sati ɗaya zuwa biyu take tafiya da kanta. A wanke hannu, a goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, kowa da tawul ɗinsa. Abinda ke makantar da mutane a lokacin apolo ba ita bace, abinda ake zubawa ne, fitsari, ruwan batir, ruwan albasa, ruwan suga, nono, ruwan ganye. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya huda baƙin ido cikin kwana biyu. Dan Allah a daina.

Na biyu kuma wanda yafi yawa a birni shine maganin ɗigawa mai sitiyarod, irin masu dexamethasone ko betamethasone a jikin kwalin. Yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan shi yasa ake sonsa, mutum ya mayar da shi abokin zama wata da watanni, alhali yana hawar da presha ya jawo gilakoma, yana kawo yana, kuma in akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara rura shi. Yaran nan masu ƙaiƙayin ido na kullum da farin idonsu ya koma ruwan ƙasa su aka fi cuta da shi. Je ka duba kwalaben da ke gidanka yanzu, in ba likitan ido ne ya rubuta ya kuma faɗi ranar dainawa ba to a kai masa ya gani. Jan ido da ya haɗu da ciwo mai tsanani, ko raguwar gani, ko kasa kallon haske, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, wannan ba apolo bace.

Masu suga su sani ciwon yana lalata ƙananan hanyoyin jinin bayan ido shiru-shiru, don haka daga ranar da akace kanada shi kaje a buɗe ƙwayar ido a duba, sannan duk shekara. In an kama da wuri akwai leza akwai allurar da ake yi a cikin ido, amma tushen maganin shine riƙe suga da hawan jini. Masu sikila ma, musamman masu nau'in SC, a dinga duba bayan idonsu.

Yara

Yaro baya cewa bana gani, domin bai san yadda wasu ke gani ba. Kai zaka lura, yana manne wa talabijin, yana ƙanƙance ido, yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi maimakon allo, malam yace baya ganewa alhali allon ne baya gani. Ido mai karkata ba'a barinsa ace zai miƙe, in ba'a gyara ba kafin shekara 7 zuwa 8 ƙwaƙwalwa tana iya watsar da wannan idon har abada. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da ruwan mugunya a satin farko asibiti ne a ranar. In kaga tsakiyar idon yaro yana fari ko yana ƙyalli fari a hoto kada ka kwana, yana iya zama yana, yana iya zama kansar ido wadda ke kisa in an makara kuma ana warkewa in anzo da wuri. Rigakafin ƙyanda da ɗigon bitamin A da ake baiwa yara suna kare su daga dundumi da hakiya, a gida kuma zogale, karas, manja, mangwaro, ƙwai da hanta duk suna taimakawa. A wanke wa yara fuska kullum saboda amosanin ido da ƙuda ke yaɗawa, wanda in ya daɗe yake juya gashin ido ciki ya dinga gogar baƙin ido, manya masu tsige gashin da matsefi su sani akwai ƙaramin aiki da ake yi a gyara fatar. Gana ta kawar da wannan cuta a matsayin matsalar lafiyar al'umma tun 2018, abu ne mai yiwuwa.

Abubuwan da basa jiran gobe

In siminti, ruwan batir, farar ƙasa, maganin feshi ko wani sinadari ya faɗa ido, kada ka tsaya neman mota, fara da zuba ruwa mai tsabta kana buɗe idon da yatsu aƙalla minti 20, ko fiya wata ne a yi ta fasawa, sannan a tafi asibiti. In ƙarfe ko tsinke ya soki ido kada a cire kada a danna kada a ɗiga komai, a kifa ƙasan kofin roba a kai a manne a tafi. Manomi da kara ko ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero ya shafi idonsa lokacin girbi kuma washegari yana ciwo yana hawaye yaje a duba, irin wannan ƙaramin ciwon ne ke zama gyambo ya bar hakiya. Gani ya ɗauke farat ɗaya ko da babu ciwo, ko ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa sannan wata inuwa ta fara rufe gefe guda, ko ciwon ido mai tsanani da ciwon kai da amai, duk a ranar ake zuwa. Masu walda da masu gurza ƙarfe da masu fasa dutse a sa gilashin kariya na gaske, baƙin tabarau na gayu baya tare komai.

Gilashi

Daga shekara 40 kusan kowa sai ya fara nesanta waya ko littafi kafin ya karanta, tela ya kasa zura zare, wannan girma ne ba cuta ba kuma gilashin karatu ke gyara shi, ƙarfinsa yana farawa wajen +1.00 yana hawa a hankali har wajen +3.00. Gilashi baya kashe ido kuma baya sa ido ya dogara da shi, yara ma in an rubuta musu a bar su su sa. Matsalar sayen na tebur a kasuwa ba gilashin bane, shine mutum zai samu karatu ya dawo sai ya ɗauka ya gama da ido, alhali babu wanda ya auna masa presha. A je ayi gwajin tukuna, in likita yace na karatu kawai kake buƙata sai ka sayi mai lambar da ya faɗa. Masu yini kan waya da kwamfuta kuma idonsu na bushewa yana yaji, duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20 a dinga ƙiftawa.

In ka dawo gida ka ɗauki hoton katin asibitin da takardar magani da lambobin presha a wayarka, ka tura wa wani ɗan'uwa shima ya ajiye saboda kati yana ɓata, sannan ka saka ranar komawa a kalandar waya da ƙararrawa sati ɗaya kafin ranar, don a samu lokacin haɗa kuɗin mota da na magani.